Hotunan Allon Anti Pauline

Litinin, 16 ga Yuni, 2025

Oga Alabi ya sa wata manhaja a duk kwamfutocin ofis. Duk minti goma sai ta ɗauki hoton abin da ke kan allon mutum, wai sikirinshot. Mu goma sha biyu ne masu shigar da bayanai, amma ni ya zaɓa in riƙa duba hotunan. Duk Juma'a in kai masa sunan wanda ya bar aiki ya shiga wani abu. Ya ce, "Madina, ke ce ba ki da surutu." Ya mayar da ni ƙaramin ɗakin nan mara taga. Na ce na gode. Me zan ce?

Laraba, 18 ga Yuni

Nawa allon ma ana ɗauka. Shi kai tsaye yake tafiya wurin Oga.

Talata, 24 ga Yuni

An sallami Anene, ɗaya daga cikinmu. Hotuna huɗu yana kallon ƙwallo, ni na kai su ranar Juma'a. Na zata gargaɗi kawai za a yi masa. Yau na shiga babban ɗaki shan ruwa, kowa ya yi tsit. Anti Pauline ce kaɗai ta miƙo min dafaffiyar masara. Shekara uku ke nan muna shiga keke mai ƙafa uku ɗaya daga Tina Junction.

Alhamis, 26 ga Yuni

Da ma ban buɗe ba.

Ƙarfe sha ɗaya da minti ashirin, allon Anti Pauline: tana binciken ƙullutu a nono. Hoto na gaba, alamomin kansa. Na gaba, fom ɗin ganin likita, ta cike rabi ta bari. Ba ta da data a waya, na sani, kullum sai ta faɗa.

Ba dama in goge, Oga zai gani a nawa allon. In na kai, Oga zai karanta abin da wataƙila ko mijinta bai sani ba. In ban kai ba, Mama da ƙannena da wannan aikin suke ci. Na yi azahar ban san raka'a nawa na yi ba.

Juma'a, 27 ga Yuni

Na kai takardar babu suna ko ɗaya.

A keke ana ruwa, an saki labule, na ce mata, "Anti, na gani." Can ta ce, "Wane kuma ya gani?" Na ce babu. Ta ce, "Ashe haka kike zama kina kallon cikin mutane." Tun kafin mu iso Tina ta sauka, cikin ruwan.

Litinin, 30 ga Yuni

Oga ya kira ni, ya juyo min da allonsa. Ga hoton nawa allon, ina kallon na Anti. An yi sa'a ya yi ƙanƙanta, rubutun bai fito ba. "Wannan ba shafin aiki ba ne. Mene ne?" Na ce ban lura ba, oga. Ya ce in lura, masu neman kujerata suna da yawa.

Ƙarya ta farko da na yi masa.

Laraba, 2 ga Yuli

Jiya da yamma Anti Pauline ta turo saƙo: "Gobe takwas. Ina jin tsoro in je ni kaɗai."

Mun je asibiti. An ɗebi abin da za a gwada, sai bayan sati biyu. A benci ta riƙe hannuna har ya yi zafi, ba mu yi maganar keke ba.

Sha ɗaya na isa ofis. Hotuna sama da ɗari biyu na jirana. Na danna maɓallin "an duba", ban buɗe ko ɗaya ba. Oga zai gani, na sani. Wataƙila gajiya ce kawai ta sa na yi haka. Amma abincin rana a babban ɗaki na ci shi.