Makirufon Baba

Zuwa ga ƙanena, Fasto,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu, da fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Kada ka yi mamakin ganin takarda da rubutun hannu. Sau uku ina aika maka saƙo ta waya, sau ukun na'ura ce ta amsa mini, wai Allah ya albarkace ni, in danna ɗaya in addu'a nake so, in danna biyu in shaida zan bayar. Na duba ban ga lambar da yayar Fasto za ta danna in tana son ta wanke shi tas ba, shi ya sa na bar wannan a hannun mai gadin coci.

Ran Lahadi zazzaɓi ya hana Baba fita. Na jingina masa wayata a jikin kwalbar maganinsa don ya kalli sujada kai tsaye, ya kuwa ji daɗi. Da aka tashi sai ya ce, "'Yar nan, nemo mini na makon jiya in ga kaina." Na nemo. Ga mawaƙa sun jeru cikin rigunan da ni na ɗinka musu. Kyamara ta bi su ɗaya bayan ɗaya, tana zuwa kafaɗar malamin makarantar nan da ke tsayawa kusa da Baba, sai ta yi kwana. Na ce ƙila kuskure ne. Muka kalli na gabansa, da na gaban wancan, har tara. Abin da ya fito na Baba duka-duka gefen hannun rigarsa ne. Muryar nan tasa da na sani tun ina goye, na kasa kunne ban ji ta ba ko sau ɗaya.

Jiya na ritsa mai kula da na'urorinku a ƙofar shagona. Ban ma matsa shi sosai ba ya amayar da komai. Tun da Baba ya tashi daga ciwon shanyewar ɓarin jiki, kai da bakinka ka ce a kashe makirufonsa, a kuma kauce masa da kyamara. Wata bakwai ke nan tsoho yana riƙe da mataccen ƙarfe da hannunsa mai lafiya. Mutumin da ya shekara arba'in da ɗaya a cikin mawaƙan nan!

Ran Lahadin nan Baba ya kalli bidiyon har ƙarshe. Ya miƙo mini wayar, ya ce in ba shi ruwa. Ni ce ban iya shiru ba. Ina jiran amsa daga gare ka, ba daga na'urarka ba.

Ka huta lafiya,
Yayarka.

Zuwa ga Yaya,

Alheri da salama su tabbata a gare ki. Na sami wasiƙarki, na kuma yafe zafin da ke cikinta.

Akwai abin da ba ki sani ba. Lahadin farko da Baba ya dawo, makirufonsa a kunne yake. Yana bin waƙa a baya, mawaƙa sun kai ƙarshen layi shi yana tsakiya, bakinsa a karkace. Wani marar tsoron Allah ya yanko wurin ya watsa, aka yi ta tura shi ana dariya. Na karanta abin da aka rubuta a ƙasa, Yaya, na kasa cin abinci. Ba na so ki gani. Abin da na yi, don in rufa wa Baba asiri na yi shi.

Ki kuma duba nauyin da ke kaina. Mutum ɗari uku ne suke zama a coci, amma sama da dubu huɗu suke kallonmu ta intanet, har da marasa lafiya a gadon asibiti. Mai kallo a waya ba ya haƙuri, da ya ji murya ta kauce sai ya wuce, rai guda ya salwanta ke nan. An koya mana cewa hadayar da ake kawowa gaban Allah ta zama marar aibi. Sujada ma hadaya ce.

Game da yaudara kuwa, na auna batun da kyau. Ban taɓa ce wa Baba makirufonsa yana aiki ba, saboda haka ban yi ƙarya ba. Yana tsaye a wurinsa, da rigarsa, cikin mutuncinsa. Ina roƙonki kada ki tayar masa da hankali.

Naki cikin hidimar Ubangiji,
Fasto.

Auta,

Ina gaishe ka, tun da haka aka rene mu. Na gode da yafiyar da ban roƙa ba.

Hadaya marar aibi! Shekara huɗu ka yi a makarantar tauhidi, abin da ka kwaso ke nan, ka dubi ubanka ka ga dabbar da ba ta isa yanka ba? To bari mai ɗinki ta tuna maka abin da ka manta. Wanda muke yi wa sujadar nan, da ya tashi daga matattu, da ramukan ƙusa a hannuwansa ya tashi. Bai ɓoye su ba, nuna su ya yi, har ya ce a taɓa. Da a cocinka ya bayyana, da ka ce wa mai kyamara ya tsaya iya kafaɗa.

Na yarda ka ji ciwon dariyar da aka yi wa Baba. Ni ma da na karanta wasiƙarka sai da na yi kuka a kan keken ɗinki. Amma dubi abin da ka yi da ciwon. 'Yan iska sun ce tsohon nan bai dace a gan shi ba, kai kuma ka ce gaskiyarsu, ka taya su aikin. Da ka hau bagade ka ce, "Wannan ubana ne, haka yake rerawa yanzu, wanda bai iya ji ba ya kashe wayarsa," da na san ina da ƙane.

Wai ba ka yi ƙarya ba. Kai ne kake miƙa masa makirufon da hannunka duk Lahadi kana murmushi. Bakinka ne kaɗai ya san ƙarya, hannu bai iya ba? Duk Asabar ni nake zama da shi a ɗaki yana bitar waƙa, kalma ɗaya sai ya maimaita ta sau goma kafin harshensa ya yarda. Ni nake ɓalla masa maɓallan riga. Dubu huɗunka ba su san wannan ba, kai ma da ka san hanyar gidan ba ka sani ba.

Zazzaɓin ya sake shi, zai dawo ran Lahadi. Ko ka kunna masa, ko ka dube shi ido cikin ido ka gaya masa.

Sai na ji daga gare ka,
Yayarka.

Zuwa ga Yaya,

Salama. Ki gafarci jinkirin mako uku, ina neman mafita ne, kuma Ubangiji ya bayar. Akwai wata manhaja da za ta ɗauki muryar Baba daga tsoffin faya-fayanmu, tun kafin ciwo, ta koye ta, ta riƙa rera kowace waƙa daidai da mawaƙa. Baba zai riƙe makirufonsa yadda ya saba, mu nuno shi daga ɓangaren fuskarsa mai lafiya, masu kallo su ji shi garau kamar dā. Kin ga kowa ya huta.

Shi kansa Baba ba shi da ƙorafi. Lahadi uku ke nan yana rerawa da ƙwazo, ina zaune kusa da shi ina ji. Duk ukun na je na ce masa, "Baba, yau ka rera da kyau," ya yi murmushi. Ki kwantar da hankalinki.

Naki,
Fasto.

Fasto,

Gaisuwa. Na karanta wa Baba wasiƙunka biyu, ban tsallake ko kalma ba. Ga amsarsa a ciki, da hannun hagu ya rubuta, kwana biyu yana yi. Rigarsa ta mawaƙa tana cikin ledar da ke wurin mai gadi, na wanke na goge. Da na'urar da ke amsa maka waya za ta iya jin kunya, da na ce ka ara.

Yayarka.

Ɗana,

Ina gaishe ka da iyali. Ka yi haƙuri da rubutun.

Shekara talatin ina gyaran rediyo. Tun Lahadin farko da aka kashe makirufon na san a mace yake. Ban damu ba, ba shi nake yi wa waƙa ba. Na ce yaro yana da dalilinsa, kuma ai yana kusa, yana ji na.

Bayan na kalli bidiyon sai na so in tabbatar. Lahadi ukun nan ban rera ko kalma ɗaya ba. Baki kawai nake motsawa. Sau uku ka ce na rera da kyau.

Tsohuwar muryar, ku yi yadda kuka ga dama da ita, na riga na ba Allah ita tuntuni. Wannan karkatacciyar ce ta rage mini, ita zan ba shi. Ina rerawa a ɗakina kullum da safe, bayan yayarka ta ba ni magani. Akwai kujera ɗaya. In za ka zo, ka bar wayar a mota.

Ubangiji ya kiyaye ka.
Babanka.