Gashin Buzu a Cikin Kwamfutar Lawali

Zuwa ga ɗana Lawali,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kana cikin rahamar Ubangiji. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. Ko kana raye ma sai ka sha wuya, ka san ajamin nawa, kamar sawun kaji a bakin rumbu. Amma na gaji da yi wa bango magana.

An haife ka shekarar da ruwan dam ya hau tsohon garinmu, aka kwaso mu aka zube nan wajen Maradun. Ba ka taɓa ganin garin ba, amma cikin ɗiyana kai kaɗai ka nace sai ka san shi. Duk Juma'a in ka taso daga koyarwa a Bakura, sai ka ɗora kwamfutar nan taka a kan kujerar katako, ka ce in faɗi: gonar wa ta yi iyaka da ta wa, wa aka binne gindin wace tsamiya, wa ya haifi wa. Na ce maka abin da ke kaina ba ya buƙatar akwati. Na ce tun ba a ƙera ƙarfen nan ba nake raba gardamar dangi. Sai ka yi dariya, ka danna ta fara ɗaukar muryarmu, ka ce to Baba, sai kuma me?

Labarin gida kaɗan ne. Matarka Hadiza ta gama takaba, ta koma wurin iyayenta a Damri da yaran. Ban hana ta ba, mi zan riƙe ta da shi? Gero ya yi kyau bana. Ɗan'audu ya rasu bayan ƙaramar Salla, shi ne na ƙarshe da muke musun sunayen rijiyoyin tsohon gari da shi. Yanzu in na yi kuskure babu mai ce mini ƙarya ne.

Kafin Hadiza ta tafi ta bar mini kwamfutar, ta nuna mini inda ake dannawa. Farantin solar da ka kafa yana nan yana ba ta wuta. Kullum bayan la'asar sai in zauna in kunna.

Lawali, ta yi ciwo.

Da farko ta daina riƙe wuta, ana zare igiya sai ta mutu. Na ce ba komai, tsohon jaki ma da igiya yake tafiya. Sai ta fara zafi tana gurnani kamar injin ban-ruwa da ya sha iska, tana cikin magana sai ta ɗauke. Na bi ta yadda nake bin injin. Na aro cajar malamin asibiti, ko igiyar ce, ba ita ba ce. Na matsa da ita inuwa. Na yi mata fifita da mafici. Na lulluɓe ta da rawanina don kada ƙasa da ƙuda su shiga. Ran nan na danna, fuskarta ta tsaya baƙi ƙirin, sai wani ƙas, ƙas, ƙas daga ciki, kamar ƙwaro a buhun wake.

Ranar kasuwa na hau mota na kai ta Talata Mafara, wurin wani mai gyara da ake kira Nasiru, dattijo ne mai tabarau. Ya kifa ta ya kwance. Batirin ya kumbura kamar fanke. Ya sa tsinke cikin 'yar fankar da ke ciki, ya dinga zaro farin gashi har ya tara dunƙule kamar sheƙar tsuntsu. Ya ɗaga ya tambaye ni wai rago nake kiwo a ciki, in haka ne ya kusa isa layya. Duk shagon aka kwashe da dariya. Sannan ya tambayi inda nake ajiye ta. Na ce a kan buzuna mana, ina kuma?

Ya ce ai ta ƙasa take numfashi.

Mi ya sa ba ka taɓa gaya mini ba? Ko ka faɗa ban ji ba? Ina ganinka kana ɗora ta a kan busasshen katako, a raina ina cewa yaran boko ba su san darajar abin karatu ba. Ni ban taɓa ajiye ilimi a kan tsurar kujera ba. Na shimfiɗa mata abin da nake salla a kansa, na rufa mata abin da nake naɗawa a kaina. Ashe wata takwas ina toshe mata hanci.

Nasiru ya ce fanka da batir ƙaramin aiki ne. Ya nuna mini wani ɗan ƙarfe kamar tafin hannu, ya ce nan ne rumbun, duk maganarmu tana ciki, kuma shi ne ke ƙas ƙas ɗin. Ya ce duk kunnawa ɗaya ƙara kankare shi ake yi. Sai dai a ciro shi a gwada kwashe abin da ke ciki zuwa wani wuri. Ana iya samun duka, ko rabi, ko a tashi hannu biyu. Ya ce in faɗi wanda zai fara da shi, don rumbun yana iya mutuwa ana tsakiyar aiki.

Na ce ya ɗaure mini kayana. Ka san ubanka. Ya yi ta ba ni baki, na ce ban zo a feɗe mini ɗa ba. Gaskiyar ita ce tsoro na ji. Muddin tana rufe, kana ciki. In an buɗe aka ce babu fa?

Kuma da na dawo gida na kunna ta. Sau biyu. Na biyun ƙarar ta fi ta farko.

Ga abin da ban gaya wa kowa ba. Makon jiya wani ya taso tun daga Dosara yana neman asalin kakarsa, aka ce ya zo wurina. Na kawo suna na farko, na kawo na biyu, na uku ya ƙi zuwa. Na tsiri tari, na ce ya dawo wani jiƙon. Sunan yana cikin akwatinka, na tuna ranar da na faɗa maka shi. Kai ke da gaskiya, Lawali. Kwana tara ka yi kana jinya ina gefenka, ban iya buɗe baki na faɗi wannan ba. Mi zai rage ni da shi?

Akwai kuma wani. Duk zaman la'asar ɗin nan ba muryata nake saurare ba, na gaji da ita. Jira nake in kai aya in ji ka ce sai kuma me. Akwai wata rana da akuya ta sa baki a kwanon furata, ka ƙwala wa Hadiza kira, ka yi dariya har ka ƙware, ka manta ba ka kashe ba. Babu sunan kowa a wannan, babu gona, babu tsamiya. Ita na fi ji.

Gobe in Allah ya kai mu, in na yi asuba gari ya waye hanya ta buɗe, zan shiga motar farko zuwa Mafara. Ba zan danna ta ba, na ɗaure ta da igiya don kada hannuna ya ci amanata. Zan zauna kusa da Nasiru ya ciro rumbun ina kallo. Zai sake tambayata wanda zai fara da shi. Na san abin da za ka ce, sunayen, don su ka yi wahalar. Garin nan ya jira shekara arba'in da wani abu a ƙarƙashin ruwa, ya yi haƙuri ya ƙara jira kaɗan. Zan ce masa ya fara da ranar akuya.

Ka yafe mini. Allah ya haskaka kabarinka, ya sada mu da alheri.

Ni ne ubanka mai taurin kai,
Bawa na tsohon gari