Sassaƙar Mahaifinki Tana Ƙarƙashin Gado

Zuwa ga 'yata Roslin, a Lae,

A shaida wa tsibirin New Ireland da kifayen da ke kewaye da shi cewa haƙorin Baffanki na gaba ya yi murabus bayan doguwar hidima. Bayan wannan babbar sanarwa, ina gaishe ki da maigidanki da yara, Allah ya ƙara muku lafiya. Mu ma kalau, sai kewa.

An yi wa marigayi mahaifinki bikin malagan, bikinmu na sallamar mamaci. Aka gasa aladu da gwaza, tsoho Lemeto masassaƙi ya yaye ganyen rumfa, jama'a suka ga aikinsa: sassaƙar mahaifinki, tsuntsu a ka, kifi a hannu, idanun ƙwanson teku suna bin kowa da kallo. Har ni da na karance makokin al'ummai, sai da na matsa kusa na ƙara kallo.

Kin san ƙa'ida. Da zarar an ga sassaƙa, aikinta ya ƙare. Washegari a kai ta daji ta ruɓe, mamaci ya kama hanyarsa. To, gari ya waye aka neme ta aka rasa. Mahaifiyarki ta naɗe ta a tabarma ta tura ƙarƙashin gado.

Danginmu sun harzuƙa. Gwaggonki Salome ta ce an tsare mata ɗan'uwa kamar kaza a akurki, in ba a fito da shi kafin Lahadi ba samari za su ɓalle ƙofa. In ƙofar nan ta ɓalle, zaman mahaifiyarki a ƙasar danginmu ya ƙare.

Ni aka tura lallashin mahaifiyarki, na tafi da shiryayyen jawabi. Ta ce in ajiye wa'azina a bakin ƙofa tare da takalmina, wai tun ina mai majina surutu ne sana'ata. Sannan ta jawo tabarmar ta nuna mini kafaɗar hagu. Lemeto ya sassaƙa ta a karkace, yadda ɗaukar komar kamun kifi ya mayar da ta yayana. Ta tambaye ni ko da hannuna zan miƙa wa gara kafaɗar nan. Na naɗe jawabina na sa a aljihu.

Roslin, ki hau jirgi. Mahaifiyarki ta ce in kika kama ƙafar sassaƙar, ita za ta kama kai ku kai ta daji, ba ta yarda da kowa ba sai ke.

Ki gaida Gabriel da ƙaramar Perpetua. Jakadan da aka aika karɓo sassaƙa, wato ni, ya ɓuge da taya naɗe tabarma, don haka kotun da ni ne alƙalinta ta ci ni tarar buwai ɗaya, wato goronmu na nan, ban kuma ɗaukaka ƙara ba.

Baffanki,
Alois Tamanang