Ku Bar Katangar Babana Ta Yi Numfashi

Zuwa ga Madam mai zanen gine-gine, wadda ke jagorantar gyaran tsohon farin gidan likita a Filato, Yamai.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku, da fatan aiki na tafiya lafiya.

Sunana Rabi Issufu, ina ɗinki a Kirkissoye. Sau uku ina zuwa shantiye, wurin da kuke aikin, mai gadi yana cewa kun fita, shi ya sa na rubuto a fili.

Na farko. Katangar yamma mai huji-huji, babana ne ya buga bulonta ɗaya bayan ɗaya yana saurayi, jim kaɗan bayan samun 'yancin kai. Hujin nan ba ado ba ne. Ta nan iskar kogi ke shiga, ta ratsa falo, ta fita ta tagogin sama. Likitan da ya fara zama a gidan, har ya tashi bai sayi fanka ba.

Na biyu. Ba zan ɓoye alheri ba: sabon ɗakin da kuka ƙara a baya bai fi tsohon gini tsayi ba, na yaba. Amma ranar Talata na iske ma'aikatanku suna cusa siminti cikin hujin, wai za a sa kilim, na'urar sanyaya ɗaki, kada sanyi ya gudu. A garin da ake ɗauke wuta rana tsaka cikin watan Afrilu? Madam, gyara kuke yi ko tanda?

Na uku, shi ne ya hana ni sukuni. Baba ya makance, ƙafa ma ta ƙi. Duk Juma'a sai ya ce, "Rabi, katangata tana numfashi?" Wannan Juma'ar na ce masa e. Tun da na yi wayo ban taɓa yi masa ƙarya ba sai ranar. Da ya ji daɗi, sai ya ce in kai shi ya shafa ta da hannunsa bayan Babbar Salla.

Ina roƙo ku dakatar da toshewar, ku buɗe layi huɗu na hujin da aka riga aka cike. In kilim dole ne, a sa gilas daga ciki, mai buɗewa. In wani bulo ya fashe, mul ɗin, wato ma'aunin katakon da Baba ya buga su da shi, yana ƙarƙashin gadonsa, zan kawo muku kyauta.

Allah ya yi wa aikinku albarka, ya ja zamanin iyayenku. Makaho ba a ruɗinsa da fenti, Madam. Yatsa zai zura.

Wassalam,
Rabi Issufu, Kirkissoye