Kada a Ba Auta Makullin Shuɗiyar Mota

Da sunan Allah nake farawa. Ni ne mahaifinku, kuma hankalina yana jikina sarai a lokacin da nake wannan rubutu. Kunnen hagu ne ƙarar salansar motoci ta cinye tuntuni, ƙirji kuma hayaƙin gareji ya gama da shi, amma kaina lafiya lau. Kada gobe wani ya ce tsufa ne ya sa Baba sambatu. Gajiya ce kawai, irin wadda barci ba ya saukewa. Likita ma ya daina kallon idona in yana min bayani, to na gane.

Ku uku nake yi wa magana. Kai Dogo, babbansu, mai inji da salansa. Kai Shiru, mai ƙafar mota, wato shoka da sifirin da duk abin da ke riƙe taya a ƙasa. Sai ke Auta, da kika ƙi sifana tun kina ƙarama kika ce ke tuƙin tsere za ki yi, kika kuma yi.

Na ɗaya. Gida da gareji a raba muku yadda Allah ya tsara, ba ni da ta cewa. Roƙona kawai, kada a tayar da mahaifiyarku daga ɗakinta. Baiwar Allahn nan ta wanke kayan baƙin mai har fatar hannunta ta canza, ba ta taɓa cewa in bar sana'ar ba. Garejin kuma, ko an raba a baki, kada a ja bango a tsakiyarsa. Ramin duba mota ɗaya ne, ban san yadda za ku tsaga rami biyu ba.

Na biyu. Jan jak ɗin ɗaga mota da ke bayan ƙofa na mai waldan bakin titi ne, aro na yi, ku mayar masa ku gaishe shi. Mutumin nan mai farar mota da yake nacin a cire masa tukunyar salansa don motarsa ta riƙa tsawa a unguwa, kada ku cire. Na faɗa masa har bakina ya bushe cewa ƙara daban, gudu daban. In ya matsa, ku tambaye shi ko ya manta yadda yake ɗaga murya kafin in ji gaisuwarsa.

Na uku, kuma nan ne zuciyata take ciwo. Dogo da Shiru, kun san rabonku da magana tun ranar da motar ɗan kasuwan nan da kuka gyara ta juya da shi a kwanar titi. Allah ya kiyaye, ya fita da karayar hannu kawai. Kai Dogo ka ce ƙafar ce ta yi laushi. Kai Shiru ka ce an ƙara wa inji ƙarfi ba a gaya maka ba. Na shiga ƙarƙashin motar da kaina, kuma wallahi duk kun yi gaskiya, duk kun yi laifi. Babu wanda ya so jin haka. Tun daga nan kuke aiki a rumfa ɗaya kamar baƙin da suka haɗu a tasha. Ni na koma ɗan aikenku: in Dogo ya taɓa inji, in ja ƙafa in je in gaya wa Shiru, in Shiru ya sauke mota ƙasa, in dawo in gaya wa Dogo ya duba kada bututun salansa ya riƙa gogar titi. Da furfurata, da tarina, ina kai-komo tsakanin gardawa biyu da na haifa. Haba! Na gaji da wannan aiken, kuma ko ban gaji ba an kusa sallamata.

Ku yafi juna. Ba sai kun rungumi juna ba, na san halinku, ɗaya mai baki, ɗaya mai zurfin ciki. Ku dai riƙa magana, ko ta aiki ce.

Na huɗu. Shuɗiyar motar tseren da ke ƙarƙashin tamfol ta Auta ce, na ba ta kyauta da raina, kowa shaida ne. Amma makullin yana wurin mahaifiyarku, kuma na ɗaure ta da alkawari ba za ta bayar ba tukuna. Ga dalili.

Ina kwance a asibiti Auta ta kira ni da murna, ta kara wayar a jikin motar don in ji yadda take kuka yanzu, ta ce Yaya Dogo ya yi mata gata saboda tseren da ta sa suna. Da kunne ɗaya na ji wannan ba injin da na bari ba ne. Dogo, ka sa babban turbo mai ƙara wa inji ƙarfi, ka faɗaɗa bututun salansa, ka buɗe mata mai. Aikinka ya yi kyau, ban raina ba, hannunka ya fi nawa yanzu. Da Shiru ya zo dubiya na tambaye shi ko an sanar da shi. Ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Wato shoka da sifirin da birkin da ke jikin motar har yau na tsohon ƙarfi ne, ɗan aike kuma yana gadon asibiti. Irin abin da ya kifar da ɗan kasuwan nan ke nan, sai dai wannan karon ƙanwarku ce a ciki, ita kuma ba ta ɗaga ƙafa daga totur a kwana. Ranar ban iya cin abinci ba, tsoro ya hana ni.

To ga sharaɗina. Dogo, ka taka da ƙafarka ka samu ƙaninka, ka gaya masa duk abin da ka canza, baki da baki, ba a waya ba, ba ta bakin matanku ba. Shiru, ka saurara har ya gama, kada ka yi masa wannan kallon naka. Sannan ka sauke ƙafar gaba ɗaya: ka sa shoka mai tauri daidai da sabon ƙarfin, ka canza sifirin, ka duba kowane bushin, wato robobin mahaɗar ƙafar, ka ƙara girman birki, ka daidaita tayoyin. In ka ga ƙafar ba za ta ɗauka ba, ka faɗa, shi kuma Dogo ya rage wa injin ƙarfi ba tare da musu ba.

Na biyar. In kun gama, ku kai ta filin gwaji ku biyu. Dogo ya tuƙa a tafiya don ya ji ƙafar a jikinsa, Shiru ya tuƙa a dawowa don ya ji injin a tafin ƙafarsa. Ku shiga doguwar kwanar nan da gudun da Auta za ta shige ta, ba gudun tsofaffi ba. Motar kujera biyu gare ta, babu wurin mutum na uku, dole ɗayanku ya ba ɗan'uwansa amanar ransa. In wani ya ji gabansa ya faɗi ya kasa shiga, to motar ba ta gyaru ba, ku koma rami. Sai kun dawo kun tsaya tare a gaban mahaifiyarku kun ce kun yarda, sannan ta miƙa makullin.

Auta, na san za ki yi fushi, za ki ce Baba ya tafi ma bai bar ki kin sake ba. Yi fushinki, 'yar Baba. In tseren bana ya wuce ki, ya wuce. Kada ki lallaɓa mahaifiyarki da kuka, kada ki sa a yanka miki wani makulli, na san dabarunki.

Bari in tsaya haka. Na yafe muku duniya da lahira, ku ma ku yafe min faɗan da na sha yi muku a gaban mutane. Allah ya yi muku albarka, ya sa albarka a hannuwanku da 'ya'yanku, ya tsare ku daga sharrin ƙarfe. Ku riƙe mahaifiyarku, ku riƙe juna, ku riƙa cin abinci a kwano ɗaya ko ba ku da abin cewa. Ni dai na ga motoci da yawa an jawo su gareji a murƙushe. Don girman Allah, kada ku bari ta ƙanwarku ta shiga cikinsu.

Mahaifinku.