Gado Mai Bene na Ɗiyan Harisu

Sabuwa, farkon damina, 1954

Zuwa ga ƙanena Nata'ala kafinta, a Ƙanƙara.

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Bayan haka, Yaya Ɗanliti ya aiko daga Faskari cewa a raba ɗiyan marigayi ɗan'uwanmu Harisu, ya ɗauki Mamuda, ni in riƙe Gide. Hujjarsa ɗakina ɗaya ne, yaran a ƙasa suke kwana, ga danshi, har Gide ya fara tari. Gaskiya ya faɗa, ɗakin ba ya cin gado na biyu, balle na uku. Amma tun da Mamuda ya ji zancen, ko rafi zai je sai ya riƙe hannun ƙanensa. Ka ba ni shawara. Ka huta lafiya.

Yayarka, Zulaihatu

Ƙanƙara

Yaya Zulaihatu, gaisuwa da ban girma.

Ba mai raba su. A jirgin ruwan da ya dawo da mu daga yaƙin ƙasar Bama, wani bisa wani muka yi ta kwana, ba wanda ya faɗo. Na yi wa yaran irin wannan gadon da katakon maɗaci, mai bene, wurin gado ɗaya zai ci. Na san ƙofarki, shi ya sa na yi shi gunduwa-gunduwa, a ciki za a haɗa. Kowane baki na ƙona mashi shaida irin ta shanu, in shaida ta sami 'yar'uwarta, a buga fegin itace, shi ke nan. Ba ƙusa ko ɗaya. Na ɗora wa masu jakai, za su ya da zango gidan Yaya. Ki bar damuwa. Allah shi bar zumunci.

Nata'ala

Faskari

Daga Malam Ɗanliti zuwa ga Nata'ala. Sallama irin ta addinin Musulunci, da fatan alheri.

Bayan haka, kayanka sun iso, kuma ni na tsare su. Ban yarda a ɗora maraya a kan rumbu ya faɗo ya karye ba. Na kwance ɗaurin a zaure don in nuna wa mutane wautarka. Farko na haɗa ƙafa a inda kai yake, na warware, na bi shaidunka, sai ga abu ya miƙe. Na hau da kaina, na kira maƙwabcina mahauci, wanda ka san girman jikinsa, ya hau kusa da ni. Ko ƙara bai yi ba.

Wannan bai canja maganata ba. Na tsufa ba ɗa a gidana, kuma Mamuda jinina ne. Ni zan kai gadon Sabuwa, tunda yanzu na iya haɗa shi, Gide ya kwanta a ƙasan, saman a ajiye ƙwarya. Da Mamuda zan dawo. Wassalam.

Ƙanƙara

Yaya, Allah shi ƙara girma.

Na gode da gwaji. Ka tafi da shi, maganarka ce sama da tawa. Roƙona ɗaya, in ka haɗa, ka bari yaran su hau kana tsaye.

Ƙanenka, Nata'ala

Sabuwa

Nata'ala, gaisuwa.

Yaya ya zo, ya haɗa gadon da hannunsa, bai bari kowa ya taɓa ba, unguwa duk ta cika ƙofa. Mamuda ya hau sama, ya leƙo da kai, ya ce wa ƙanensa: "In tarin ya taso, ka buga katakon nan, ina jinka." Yaya ya daɗe tsaye yana kallonsu. Da na kawo mashi fura sai ya ce in samo kara a kare gefen saman, yaro yana juyi.

Da safe ya ɗaura wa jakinsa akumari ya tafi shi kaɗai. Ban san Yaya yana hawaye ba sai ranar. In an yi girbi zan kai mashi su duka biyu su kwana biyu. Ka rubuta mashi, kada ka yi mashi dariya. Ka huta lafiya.

Zulaihatu