Ɗana Ya Ɗora wa Jakinmu Panno

Hajiya Sa'a, ki taimake ni don Allah. Ki yi haƙuri da rubutuna, da girmana na koye shi. Maigida lafiya lau, sai ciwon gwiwa. Ɗiyata Maimunatu ta warke daga masassara. Wanda ba shi da lafiya jakinmu ne.

Autana Mahfuzu yana kabu-kabu, har esans, wato man fetur, ya yi tsada ya jingine moto, babur ɗinsa. Sai ya ji a rediyo wai nan gaba duk abin hawa da ƙarfin hasken rana zai yi tafiya. Ya hau ɗaki ya ciro pannon hasken rana da ke ba mu wuta, ya ɗaure a bayan jaki, ya sa wayar ƙarƙashin akumari, ya rage masa harawa, wai a hankali zai saba.

Kwana tara ke nan. Jakin bai ƙara gudu ba, haƙarƙarinsa ne suka fito. Mutanen unguwa kuma sun gane akwai kuran, wato wutar lantarki, a jikinsa, suna bin sa da salula don caji har bakin rijiya. Jiya limaminmu ya riƙe shi awa biyu. Maigida ya ce in bar yaro, haka aka yi wa wanda ya ƙera jirgi dariya.

Wannan jakin ne zai ja albasarmu zuwa Madawa ran Lahadi ta sama. In ya faɗi, ta ruɓe. Ki ba ni amsa kafin ranar.

Uwa mai fargaba, Galma

Amsar Hajiya Sa'a: Ƴar'uwa, ki kwantar da hankalinki, ɗanki bai haukace ba. Abin da ya ji gaskiya ne: akwai babura masu batir, kuma kin ga yadda rana ke ɗago ruwa a garake. Sai dai panno na bukatar batir da mote, wato inji, jaki kuwa ciki gare shi.

Kada ki kunyata shi gaban mutane. Ki faɗa masa jaki ya riga Turawa: rana ke raya wake, wake ya ba da harawa, harawa ta ja amalanke. Nasa pannon yana gona.

Yau ɗin nan a kwance wayar, a ba jakin dusa da ruwa har ya ƙi. Pannon a kafa shi a zaure, masu salula su zo da ƙafafunsu. Mahfuzu kuma ya je wurin masu haɗa famfon rana ya koyi aikin, ƙwaƙwalwa irin tasa ba ta zaman banza ba ce.

Allah ya ba jaki lafiya, ya sa ku tarar da kasuwa.